ƘWAYAR TARIN FUKA DA 'YAN GYARANTA

Sau da yawa masu jinya su kan tambayi ma'aikatan asibiti abu biyu game da tarin fuka. Na fari, tun da an ce zazzaɓi makami ne da jiki ke yaƙar cuta da shi, me ya sa mai tarin fuka ya kan yi watanni jikinsa na zafi da maraice, yana jiƙa shimfiɗa da gumi da dare, amma cutar ba ta mutu ba? Na biyu, me ya sa a ke ɗora wa mutum shan magani har wata 6, alhali kuwa waɗansu cututtuka kwana 7 ya ishe su?

Wani sashe na amsar yana cikin ƙwayar cutar da kanta. Tana da waɗansu ma'aikata a cikinta, waɗanda aikinsu shi ne gyara abin da zafi da wahala suka ɓata mata. An shirya wannan takarda domin a bayyana wa jama'a ko su wane ne waɗannan 'yan gyara, da inda umarnin yinsu ya ke a rubuce, da yadda ƙwayar ke tsare yawansu da awo, da kuma abin da sanin haka ya amfana wa likitoci. Akwai baƙin sunaye a ciki. Kada mai karatu ya damu da haddace su, aikin ko wane ɗaya shi ne abin lura.

ƘWAYAR DA KANTA

Tarin fuka, wanda a asibiti a ke kira tibi, wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, sunanta a wurin masana Mycobacterium tuberculosis. Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya gano ta, ya ba da sanarwa a birnin Berlin ran 24 ga Maris, 1882. Saboda haka ne duniya ke tunawa da wannan cuta a wannan rana ko wace shekara.

Siffar ƙwayar kamar ɗan guntun kara ce. Ƙanƙantarta kuwa ta kai sai an jera 250 zuwa 500 kai da kai kafin su cika tsawon milimita 1, don haka ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Tana sanye da riga mai kauri, mai maiƙo kamar kakin zuma, wadda ke hana magunguna da yawa ratsa ta. Ba ta gaggawar haihuwa. Ta kan ɗauki sa'a 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, alhali wata ƙwaya da ke zaune cikin hanjin mutum, mai suna E. coli, minti 20 ya ishe ta in ta sami wuri mai daɗi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da ciwon, miliyan 1.25 suka rasu, Nijeriya kuwa na cikin ƙasashen da ya fi yawa. Ta kuma ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 4 a duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, amma cikin ko wane mutum 100 da ta shiga, 5 zuwa 10 ne ciwon ke tasar wa a tsawon rayuwarsu. Watau ƙwaya ce mai iya zama cikin jiki shekara da shekaru ana yaƙarta, ba ta mutu ba, ba ta kuma bayyana ba.

FUROTIN DA NAƊINSA

Duk abu mai rai, daga mutum har ƙwayar cuta, waɗansu ƙananan abubuwa ne ke yin aikin cikin jikinsa, sunansu furotin. Mun saba jin wannan suna a zancen abinci, nama da wake da ƙwai, amma furotin iri dubbai ne, ko wane da sana'arsa. Wani na narka abinci, wani na gina bango, wani na ɗaukar kaya daga nan zuwa can.

Sa'ad da aka ƙera furotin, ya kan fito dogo kamar zare. Ba ya iya aikin kome sai ya naɗe ya ɗauki siffar da ta dace da shi. Misalinsa kamar rawani ne. Ƙyalle mai tsawo ba ya zama rawani sai an naɗa shi yadda ya kamata, in kuwa naɗin ya warware, ƙyallen na nan amma rawani ya tafi.

Zafi na warware naɗin furotin. Kowa ya taɓa ganin haka a tukunya: ruwan ƙwai garai-garai ya ke, da ya sha wuta sai ya yi fari ya daskare, ba ya kuma komawa yadda ya ke. Dalili shi ne ko wane furotin na da waɗansu wurare masu danƙo da ya ɓoye a tsakiyar naɗinsa. In ya warware sai wuraren nan su fito fili, su manne da na maƙwabtansa, su dunƙule. Irin wannan dunƙule in ya yi yawa cikin ƙwayar cuta, aikinta ya tsaya, ta mutu.

LITTAFIN GADO

To, ina ƙwayar ke samun sanin yadda za ta ƙera ko wane furotin? A cikinta akwai wani zare siriri ƙwarai a nannaɗe, wanda masana ke kira DNA. Zaren nan kamar littafi ya ke, an rubuta shi da haruffa iri 4 kaɗai, ana ta maimaita su. In ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafi littafin duka, ko wace 'ya ta tafi da nata. Don haka za mu kira shi littafin gado. Ko wane yanki nasa da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda, shi masana ke kira jin, waɗansu kuma su ce ƙwayar gado. Amma don kada ya rikice mana da ƙwayar cuta, a nan za mu kira shi babi.

A shekarar 1998 waɗansu masana na Faransa da Ingila, a ƙarƙashin Stewart Cole na Cibiyar Pasteur ta birnin Paris, suka gama karanta littafin gadon ƙwayar tarin fuka daga farko har ƙarshe. Suka tarar da haruffa miliyan 4.4, da babi kimanin 4,000, suka ba ko wane babi lamba. Irin da suka karanta sunansa H37Rv, asalinsa daga wani majinyaci aka samo shi a Amurka a 1905, aka yi ta renonsa a ɗakunan bincike.

Ƙwayar ba ta karanta babi 4,000 gaba ɗaya. Kamar yadda magini ba ya fito da kayan yaɓe ran da a ke haƙa harsashi, haka ita ma ta kan buɗe babin da ta ke bukata, ta rufe saura.

YADDA AKA GANO 'YAN GYARA

Ba a cikin ƙwayar tarin fuka aka fara ganinsu ba. A shekarar 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, yana binciken tsutsar wani ɗan ƙuda mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Wani abokin aikinsa ya ƙara zafin akwatin da a ke renon tsutsotsin. Da Ritossa ya duba zaren gadonsu da madubi, sai ya ga waɗansu wurare sun kumbura waɗanda da ba haka su ke ba, alamar an buɗe waɗansu babi ana karanta su da gaggawa. A 1974 Alfred Tissières da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka ɗumama ƙudan haka, ya kan rage ƙera furotin ɗinsa na kullum, ya shiga ƙera waɗansu 'yan kaɗan da yawa. Aka sa musu suna furotin na bugun zafi, a taƙaice a kan rubuta Hsp.

Daga baya aka tarar babu mai rai da ba shi da su, ƙwayoyin cuta da tsire-tsire da dabbobi da mutane. Aka kuma gane ba zafi kaɗai ke tashinsu ba, har da guba, da tsami, da sauran wahaloli masu ɓata furotin. Da yawansu ma kullum suna bakin aiki ko babu wahala, suna taimakon sabon furotin ya naɗe daidai. Shi ya sa masana ke musu laƙabi da 'yan rakiya, gama su kan raka furotin har ya kimtsu, sa'an nan su janye. Lambar da a ke liƙa wa sunansu, kamar 70 ko 65 ko 16, nauyin ko wane ne a ma'aunin masana.

'YAN GYARAN ƘWAYAR TARIN FUKA

Ga manyansu. Sunan ko wane babi ɗaya ne da na furotin ɗin da ya ke bayarwa, sai dai a kan fara na babi da ƙaramin harafi.

1. DnaK, watau Hsp70. Shi ne babban mai riƙo. Da zarar furotin ya soma warwarewa sai ya damƙe wurin mai danƙon, ya hana shi mannewa da wani, sa'an nan ya cika shi don ya koma naɗinsa. In bai naɗu daidai ba, ya ƙara kamawa. Yana da mataimaka biyu: DnaJ mai nemo masa wanda ya warware, da GrpE mai sa shi ya buɗe hannu. Babinsu a jere su ke cikin littafin, daga lamba 350, ana kuwa karanta su tare. Ƙwayar ba ta rayuwa in babu DnaK.

2. GroEL da GroES. Waɗannan kamar tukunya da murfi su ke. A ƙwayar E. coli, inda aka fi saninsu, GroEL guda 7 su kan haɗu su yi zobe, zobe biyu su jingina baya da baya, GroES guda 7 kuma su zama murfi. Furotin da ya warware ya shiga ciki, a rufe, ya naɗe shi kaɗai ba mai damunsa, a buɗe ya fito. Ƙwayar tarin fuka na da babin GroEL har biyu, groEL1 da groEL2. Na biyun shi ne a ke kira Hsp65. In aka cire groEL2 ko groES ƙwayar ba ta rayuwa, amma tana iya zama ba tare da groEL1 ba.

3. ClpB. Aikinsa na farawa ne inda ɓarna ta riga ta auku. Ya kan je wurin dunƙulen, ya riƙa zaro furotin ɗaya-ɗaya ta wata kafa da ke tsakiyarsa, kamar mai warware zaren da ya sarƙe, DnaK na taimakonsa. A 2015 masana a Amurka suka ga wata dabara tasa: abin da ya ƙi gyaruwa ya kan tara shi a gefe guda na ƙwayar. In ta rabu biyu, 'ya ɗaya ta gaji yawancin sharar ta yi jinkirin girma, ɗayar kuwa ta tafi da sauƙin kaya.

4. ClpC1. Furotin da ya lalace ƙwarai, ko wanda aikinsa ya ƙare, wannan ne ke miƙe shi ya tura shi cikin wani abin niƙa mai suna ClpP, a daddatsa shi a sake amfani da gutsattsarin. Shi ma ƙwayar ba ta rayuwa in babu shi.

5. Ƙanana biyu, HspX da Acr2. Su ba sa naɗa kome, sai dai su riƙe furotin da ya warware kamar ajiya, har manya su zo. Dangi ne da wani furotin da ke cikin ƙwayar idon mutum, wanda ke taimaka mata ta zauna garau. A 2002, da masana a Landan suka ɗumama ƙwayar tarin fuka zuwa digiri 45 a ma'aunin Selsiyas, babin Acr2 na cikin waɗanda suka fi buɗuwa. HspX kuwa, ko da ya ke sunansa na zafi ne, rashin iska ya fi tashinsa, kamar yadda za mu gani.

ABIN DA ƘWAYAR KE GAMUWA DA SHI A JIKI

In mai ciwon ya yi tari, ƙwayoyin su kan fito cikin ɗigon ruwa ƙanana da ke yawo a iska, wani ya shaƙa, su sauka can cikin huhu. Nan su ke gamuwa da dogaran jiki, watau fararen ƙwayoyin jini. Akwai wani babba cikinsu wanda aikinsa haɗiye baƙo. In ya haɗiye ƙwayar sai ya kulle ta cikin wata 'yar jaka, ya zuba mata tsami da waɗansu abubuwa masu ƙuna, ya hana ta abinci. Zazzaɓi kuma ya ɗaga zafin jiki daga digiri 37 zuwa 38 ko 39. Duk waɗannan masu warware furotin ne. Yawancin ƙwayoyin cuta nan su ke halaka. Ita kuwa ta tarin fuka, ban da rigarta mai kauri, da dabarar da ta ke da ita ta hana jakar yin tsami sosai, sai ta buɗe babin 'yan gyara, ana ɓatawa suna gyarawa. Zafin zazzaɓi bai fi ƙarfinsu ba. Amsar tambaya ta fari ke nan.

Da dogarai suka kasa kashe ta, sai su taru su kewaye ta, su yi mata ganuwa. Wannan shi ne ƙullutun da likita kan gani a huhun mai ciwon. A tsakiyar ƙullutun iskar oksijin ta kan yi ƙaranci. Ƙwayar na da wani furotin mai suna DosR, wanda in iska ta ragu ya kan buɗe babi kimanin 48, ta rage numfashi, ta daina haihuwa, ta lafa. HspX na cikin manyan waɗannan babi. Tun 1996 masana a Amurka suka ga ya kan cika ƙwayar maƙil in ta daina girma. A 2006 kuma aka cire babinsa a Landan, aka sa wa ɓeraye ƙwayar, sai ta yi ta yawaita fiye da wadda ba a taɓa ba. Watau HspX na da hannu a rage saurinta.

Nan ne amsar tambaya ta biyu ta ke. Maganin isoniazid, wanda aka soma amfani da shi a 1952, hana ƙwayar ɗinka rigarta ya ke yi, saboda haka wadda ke girma ya ke kashewa da sauri. Wadda ta lafa ba ta ɗinka kome, maganin ba ya samun abin kamawa sosai. Makonnin farko na shan magani su kan share masu girma, majinyaci ya ji sauƙi, tari ya ragu. Amma masu lafawa na nan, su ne a ke bi da sauran watannin.

GABA KURA, BAYA SIYAKI

Mai karatu zai ce, to tun da 'yan gyara na da amfani haka, me zai hana ƙwayar ta yi ta ƙera su ba iyaka? Akwai abin da ke hana ta.

A shekarar 1988 Douglas Young da abokan aikinsa suka bincika waɗansu manyan furotin na ƙwayar tarin fuka da na 'yar'uwarta mai kawo kuturta, waɗanda dogaran jiki ke saurin shaidawa. Sai suka tarar da yawansu 'yan gyaran nan ne, har da Hsp70 da Hsp65. Watau abin da ke ceton ƙwayar a cikin gida, shi ke tona asirinta a waje. In ta ƙera kaɗan, furotin ɗinta ya dunƙule ta mutu. In ta ƙera da yawa, dogarai su gan ta. Tilas ta yi awo.

Masu yi mata awon su ne waɗansu furotin biyu, HspR da HrcA. Ko wannensu ya kan zauna a farkon babi ya danne shi, kamar dutsen da aka aza a kan takarda, ba dama a karanta. HspR ke danne jerin dnaK, da clpB, da acr2. HrcA ke danne groES da groEL ɗin nan biyu. Abin lura kuma, babin hspR na nan a ƙarshen jerin dnaK, lamba 353, saboda haka duk sa'ad da aka buɗe jerin, an ƙera har da mai rufe shi. Bugu da ƙari, HspR ba ya iya dannewa da ƙarfi sai DnaK ya tallafe shi. In babu wahala, DnaK na zaune ba aiki da yawa, ya tallafa masa, babi ya rufu. In zafi ya zo, DnaK ya tafi wajen gyara, HspR ya saki, a ƙera ƙarin DnaK. In ƙura ta lafa, waɗanda suka rage ba aiki su dawo wurin HspR, babi ya sake rufuwa.

A shekarar 2001 Graham Stewart da Douglas Young da abokan aikinsu a Landan suka gwada abin da zai faru in babu wannan awo. Suka cire babin hspR, ƙwayar ta shiga ƙera Hsp70 kullum ba tsayawa, suka sa wa ɓeraye. Da fari ta yawaita daidai da ta asali, ba bambanci. Amma da ciwon ya daɗe sai ta kasa zama kamar ta asali, yawanta ya ragu. Masanan suka danganta wannan da cewa dogaran jiki sun fi ganinta. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

A 2008 kuma waɗansu masana a Ingila suka cire groEL1. Ƙwayar ta rayu, ta yawaita cikin ɓera da ɓeran Masar, amma jikinsu bai yi mata ƙullutu yadda ya saba ba. Wannan ya nuna 'yan gyaran nan, ban da gyaran furotin, suna da hannu a yadda jiki ke amsa wa cutar, har da ɓarnar da ke aukuwa a huhu.

ABIN DA LIKITOCI SUKA AMFANA

Na fari, gane cuta. Ƙwayar tarin fuka na da dangi da yawa da ke zaune cikin ƙasa da ruwa. A madubi kamarsu ɗaya, waɗansunsu ma su kan kawo ciwon huhu mai kama da tibi, amma maganinsu dabam. Dukansu na da babin hsp65, sai dai haruffan ko wane iri sun ɗan bambanta. A 1993 Amalio Telenti da abokan aikinsa a birnin Bern na Suwizalan suka fito da wata hanya: a kwafi wani yanki na babin mai haruffa 439, a yanka shi da waɗansu abubuwa biyu da ke yanka a wurare sanannu, a dubi tsawon gutsattsarin. Ko wane iri da nasa tsari, kamar zanen yatsa. Manyan ɗakunan bincike na amfani da wannan babi wajen rarrabe dangin. Na'urar GeneXpert da ke gwajin majina a asibitoci kuwa wani babi dabam ta ke karantawa, mai suna rpoB.

Na biyu, rigakafi. Tun da dogarai na saurin shaida Hsp65, sai aka yi tunanin koya musu saninsa tun cuta ba ta zo ba. A 1996 Douglas Lowrie da abokan aikinsa a Landan suka yi wa ɓeraye allurar babin hsp65 na ƙwayar kuturta, ta ba su kariya daga tarin fuka. A 1999 suka nuna ta taimaki har ɓerayen da suka riga suka kamu. Amma wannan bai zama allurar mutane ba. Ɗaya daga abubuwan da ke sa masana taka-tsantsan shi ne mutum ma na da nasa furotin, Hsp60, wanda kusan rabinsa daidai ya ke da na ƙwayar, kada a koya wa dogarai faɗa da mutanen gida. Allurar BCG, wadda aka fara yi wa mutum a 1921, ita ce har yanzu a ke yi wa jarirai.

Na uku, neman sabon magani. Abin da ƙwayar ba ta rayuwa sai da shi, nan ne makasarta. An samo waɗansu abubuwa daga ƙananan halittu na ƙasa da na teku waɗanda ke rikita aikin ClpC1, kamar cyclomarin, da lassomycin wanda aka bayyana a 2014, da ecumicin. A ɗakin bincike sun kashe ƙwayar, har da irin da ya gagari magungunan da aka saba. Ba su iso asibiti ba tukuna, ana kan bincike.

Akwai kuma abin da ya shafi ƙwaya mai gagarar magani. Rifampicin, ɗaya daga manyan magungunan tibi, wani furotin ya ke kamawa, wanda babin rpoB ke bayarwa. In harafi ya sauya a babin, furotin ɗin ya sake siffa, magani ya kasa kama shi. Amma sauyin kan bar shi da rauni. A 2021 masana a Amurka suka nuna a dangin ƙwayoyin nan cewa DnaK ke tallafar irin wannan raunanan furotin, kamar sanda a hannun gurgu, har ƙwayar ta ci gaba da rayuwa. Ashe 'yan gyara na da hannu a ɗorewar tibi mai gagarar magani.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Daga bayanin nan akwai abubuwa biyar da ya kamata ko wane maigida da uwargida su riƙe.

1. Zafin da jikin mutum ke iya ɗauka ba ya kashe ƙwayar tarin fuka. Wankan ruwan zafi, da surace, da lulluɓa don a yi gumi, ba sa warkar da wannan ciwo, sai dai su ɓata lokaci.

2. Wanda ya yi mako 2 ko fiye yana tari, balle in da zazzaɓin maraice, da gumin dare, da rama, ya tafi asibiti a gwada majinarsa. A Nijeriya maganin tibi kyauta ne a wuraren da gwamnati ta keɓe domin haka.

3. Maganin da aka fi bayarwa na wata 6 ne: wata 2 ana shan iri 4, wata 4 ana shan iri 2. Jin sauƙi a wata na fari ba warkewa ba ne. Wanda ya yanke shan magani ya bar masu lafawa da rai, ciwo ya kan dawo, mai yiwuwa kuma ya dawo da irin da ya gagari magani, sai an koma ga waɗansu magunguna masu tsada da wuyar sha.

4. Ƙarfin 'yan gyara na da iyaka, tafasa ta fi ƙarfinsu. Akwai 'yar'uwar wannan ƙwaya da ke kama shanu, ta kan shiga mutum ta ɗanyar madara. A tafasa madara kafin a sha, ko kafin a yi nono da ita.

5. A kai jarirai a yi musu allurar BCG da zarar an haife su. A buɗe tagogi iska da hasken rana su shiga ɗaki. Mai tari ya rufe bakinsa, mutanen gidansa kuma su je a duba su.

Wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana wa wanda bai karanta ba, musamman mai shan magani da ke shirin dainawa don ya ji sauƙi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.